Gangar Vera da Ba a Gani, da Ta Ubanta da Ba a Ji

Shekara ashirin da uku ke nan katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Siman a nan Keffi, katangar ma ba ta kai kafaɗata ba. Don haka in na ce na san mutumin nan, ku yarda kawai. Na san ranar da aka dafa wake a gidansa, na san ranar da Mama Mabel, matarsa, ta yi fushi. Ni ne Zailani mai walda. A aji huɗu na yi sallama da firamare, na ce wa malamai su ci gaba, zan biyo su daga baya. Har yau suna jira.

Baba Siman haifaffen wani ƙauye ne ta wajen Gitata. Ubansa mai sassaƙa ganga ne, kakansa ma haka. Ya shigo Keffi yana saurayi da jaka ɗaya da wuƙar kankare fata, ya samu aikin masinja a wani ofis, ya yi shekara talatin yana yawo da takardun mutane daga wannan tebur zuwa wancan. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, ba zai taɓa ce maka masinja ba. Zai ce shi mai ganga ne, aikin gwamnati kuwa ɗan abin rage zaman banza ne daga Litinin zuwa Juma'a.

Yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta sani. Ba ya wuce abu bai ƙwanƙwasa shi ba. Kankana a kasuwa, tulun ruwa, ƙofar shagona, tankin babur ɗin baƙo, har kan jikokinsa. In ya ƙwanƙwasa sai ya karkata kai kamar kaza ta ji shaho, ya riƙa lanƙwasa yatsu da sauri yana ƙirga har ƙarar ta mutu. Wai ta haka yake sanin lafiyar abu. Masu kankana sun daina yi masa musu, suna hango shi suke ɓoye ta jiya.

Abin alfaharinsa a duniya ita ce Gwaggo. Gwaggo ba mutum ba ce, ganga ce, babbar gangar cocinsu, wadda ya sassaƙa da hannunsa daga icen ƙirya shekarar da ya yi aure. An sa mata Gwaggo saboda in ta buɗe baki ba a jin na kowa. In ya sauke mata makaɗi sau ɗaya, yatsunsa sai sun kai bakwai kafin ta yi shiru. Ni musulmi ne, ban taɓa zama a sujadarsu ba, amma cocin na bayan shagona, kuma shekara da shekaru Gwaggo ce ke gaya mini ƙarfe tara ta yi ranar Lahadi. Rataye ta yake yi a kafaɗa da ɗamarar fata, ya yi awa biyu a tsaye. Na taɓa gwada ɗaga ta. Nauyinta ya kai na buhun siminti.

Ɗansa na fari, Victor, ya ce shi hannunsa na sitiyari ne, yana jan mota tsakanin Keffi da Abuja. Sai autarsu Vera, ita ce tun tana ƙarama ke tsugunawa gefensa tana riƙe masa igiya, tana taya shi ƙirga. Amma ita ma boko ya ɗauke ta. Ta yi kimiyya a jami'ar garin nan, ta ci wata jarrabawa, aka kai ta ƙasar Holan ƙarin karatu. Ni kuwa na samu abin yi. Kowace safiya sai na leƙo ta katanga.

"Baba Siman, an tashi lafiya? Yaya ƙarshen zuri'ar masu ganga?"

"Mai walda, je ka ƙona ƙarfenka. Idonka ma ya kusa zama irin na mage."

Wata rana da la'asar, muna ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, Vera ta kira ta waya, irin kiran da ake ganin fuska. Bayan gaisuwa na tura kaina.

"Vera, Baba Zailani ne. Gaya mana gaskiya, me kike yi a can? Ubanki ya ce wa mutane jirgin sama kike ƙerawa."

Ta yi dariya. "Baba Zailani, ina wuni? Ba jirgi ba ne. Ganga nake yi."

Wallahi sai da wayar ta kusa faɗuwa daga hannun tsohon.

Ta yi mana bayani, ni ma na fahimta, kun ga ke nan ta iya bayani. Ta ce ganga ce ta gaske, fata a shimfiɗe a kan bakin rami. Sai dai fatar ba ta akuya ba ce, sunanta girafin. Baƙin abin nan na cikin fensir, in aka yi ta ɓare shi da salatif, ana ɓarewa, ana ɓarewa, har ya rage falle ɗaya tak wanda ba ya sake rabuwa, to shi ne. Ramin kuwa faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Ba a ganinta da ido. Ba a buga ta da makaɗi, da hasken leza ake taɓa ta, kuma kafin ka ƙifta ido ta yi karkarwa sau miliyoyi.

"To wa ke rawa?" in ji ni.

"Ba don rawa ba ce. Don ji ce. Ba ta da nauyi, don haka ɗan mitsitsin abu in ya sauka a kanta, ko wata iska ta dabam ta taɓa ta, sai muryarta ta sauya. Ta haka ake gane abin da hanci da sikeli ba sa ganewa. Matsalar ita ce tana yin shiru da wuri. In ta mutu da wuri, ba ka samun lokacin jin bambancin. Aikina shi ne in gano ta ina ƙarfin bugun yake zurarewa."

Baba Siman ya gyara zama, ya zama malami nan take.

"Kin shanya ta a rana?"

"Baba, mu sanyi muke sa ta. A sanyi ta fi daɗewa."

"Sanyi! Ganga a sanyi! Wa ya koya wa mutanen nan aiki?"

Ta ce suna zuƙe iskar akwatin da take ciki, don iska tana cin ƙarfi. Suna wanke dattin da ya manne a kan fatar, don datti ma yana ci. Sauran kuma ta baki yake gudu, wurin da fata ta haɗu da abin da ke riƙe da ita. A nan na lura tsohon ya kawar da kai. Na ɗauka haushin maganar sanyi ne. Ashe ba shi ba ne.

Daga ranar Keffi ba ta huta ba. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai faci, ya tsayar da Fasto a hanya. 'Yarsa ta gaji gida. Ni kuwa na sauya gaisuwa.

"Baba Siman, yaya gangar da ba a gani? Jiya na ji kamar an buga ta, ashe sauro ne."

To, yanzu bari in koma baya kaɗan, in faɗi inda hannuna ya shiga, tun da ba na ɓoye laifin kowa, ba zan ɓoye nawa ba. Wajen Ista ta bara na hango shi ta katanga ya dawo daga coci, ya jingina da bango yana dafe da ƙugu, yana tsammanin ba mai kallo. Na ɗauki awon Gwaggo a ɓoye, Mama Mabel ce ta buɗe mini ɗakin da ake ajiye ta, na ƙera mata mazauni na ƙarfe mai ƙafa huɗu. Na yi aikin da ban taɓa yi wa mai biyana ba. Na sa zobba biyu masu noti, suka kama ta a bakin sama da bakin ƙasa, ƙam. Don kada ƙarfe ya ƙuje fata, na yanka tsohon tif na babur na naɗe zobban ninki uku, har robar ta ɗan kwanta a gefen fatar. Haka muke yi wa janareta don kada ya yi ta rawa yana damun mutane. Na fesa masa shuɗin fenti. Fasto ya sa albarka, aka yi wa maƙwabci musulmi tafi, labari ya zo mini har shago, na yi kwana uku ina tafiya kamar kansila.

Tun daga nan Gwaggo ta fara ciwo.

Ni ban haɗa biyun ba, domin damina ta shigo a daidai lokacin, kuma kowa ya san damina ba ta shiri da fata. Lahadi ta yi, ƙarfe tara ta wuce ban sani ba. Abin da nake ji daga shago kamar ana dukan katifa. Tsohon ya yi ta fama. Ya shanya ta, ya gasa ta a gefen garwashi, ya sake mata fata sau biyu. Damina ta wuce, Gwaggo ba ta tashi ba. Ƙirgarsa ta sauko daga bakwai zuwa biyu.

Akwai wani dattijon cocin, Malachi, ma'aikaci ne a Abuja, kullum da asuba yana hanya. Ba mugun mutum ba ne, amma ya ga cocin birni. Ya ce a zaman kwamiti hannun Baba Siman ya tsufa, lokaci ya yi da za a sayo jerin gangunan zamani masu faranti da ake takawa da ƙafa, Gwaggo kuma a kai ta ɗakin ajiya wurin karyayyun bencina. Aka yanke: bikin godiyar kaka, ƙarshen Nuwamba, shi ne gwaji na ƙarshe. In ba ta yi magana ba, ta sauka, mai ita ma ya sauka.

Makon nan ban tsokane shi ba ko sau ɗaya. Mama Mabel ta leƙo ta ce, "Malam Zailani, ko ba ka da lafiya ne? Zage shi mana, ko ya ci abinci."

Ana saura kwana uku Vera ta sauka, hutun mako biyu. Ta zo da tsaraba: wani ɗan guntun abu mai sheƙi kamar farcen jariri, cikin ƙaramin akwatin roba. Ta ce ganguna sun fi ɗari a kansa, duk sun fashe, shi ya sa aka bar mata. Baba Siman ya kai shi kusa da ido, ya kai kusa da kunne, ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa, ta riƙe hannunsa. Na ce a ba ni aron guda biyu, ana bikin ƙanwar matata.

Ranar Asabar da hantsi aka kira ni in zo da sifana, wai ƙafar mazaunin tana lilo. Na isa cocin tare da Baba Siman da Vera, muka tarar da Dattijo Malachi a can yana auna kusurwar da sababbin gangunansa za su zauna. Vera ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta juya.

"Baba, buga mini Gwaggo in ji. Na yi kewarta."

"Ba ta jin daɗi yau."

"Sau ɗaya kawai."

Ya buga. Dum. Shi ke nan. Na ga yatsun yarinyar sun lanƙwashe da kansu, ɗaya, biyu, irin na ubanta sak. Ta ɗaure fuska. Ba ta kalli fatar ba ma. Ta ce ya sake. Wannan karon ta dafa zoben da na naɗe da roba. Ta ce ya sake, ta dafa ƙafar ƙarfen. Ta ce ya sake, ta tsuguna ta shimfiɗa tafinta a kan siminti.

"Baba Zailani, zo ka sa hannu a nan."

Na sa. Da ya buga, sai na ji abin a tafina, ƙarfen yana zirr, har ƙasa.

"Ka ji? Muryar Gwaggo ke nan. Ba ta mutu ba, hanya aka sauya mata. Rabi robar nan ta shanye, rabi ya bi ƙarfe ya shige ƙasa. Tururuwan ƙarƙashin cocin nan wata takwas suna shan kiɗa kyauta." Ta kalli zoben da kyau. "Wa ya yi wannan aikin? Ya ɗaure ta kamar ɓarawon akuya."

Na duba rufi. Akwai wani fanka a wurin, na ƙura masa ido sosai.

Dattijo Malachi ya ce, "Ai ga injiniyan nan a tsaye."

"Baba Zailani! Kai ne?"

"Janareta ba ya ƙorafi," in ji ni.

"Ai janareta so kake ya yi shiru!"

Na kwance notina da hannuna. Ni da ita muka ɗaga Gwaggo ta ɗamararta, muka riƙe ta a iska, ba ta taɓa komai. Tsohon ya sauke makaɗi.

Jama'a, tagogi sun amsa. Wata ƙadangaruwa ta faɗo daga bango. Ma'aunin Dattijo Malachi ya zuge ya koma gidansa da kansa. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai, kuma ni na ƙirga, ni da ba na son lissafi.

Na juya in ba tsohon haƙuri, sai na ga bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ƙasa yake kallo. Vera ma ta gani.

"Baba, ka sani."

Ta matsa kusa da shi.

"Mutumin da ke gane kankanar jiya daga nesa? Ka sani tun ranar farko."

"Tun bugun farko," in ji shi a hankali.

Na ce, "Haba Baba Siman! Wata takwas! Katanga ɗaya! Ka zage ni a kan hayaƙi, ka zage ni a kan awakina, wannan ne ba za ka iya faɗa ba?"

"An yi maka tafi a gaban jama'a, Mai walda. In ce a cire?" Ya shafa ƙugunsa. "Kuma in an cire, wa zai ɗauke ta? Na gwada a gida. Minti biyar ba na kaiwa. Na ce gara a ce fata ce, gara a ce damina ce. Na yi ta sake fata ko Allah zai sa wata ta fi ƙarfin robarka."

Dattijo Malachi ya cire hularsa, ya sake sawa.

Sai Vera ta miƙe. Ta ce ai ba dole ne a zaɓa tsakanin bayan Baba da muryar Gwaggo ba. A wurin aikinsu ma wannan ne abin da suke kwana suna tashi da shi: dole a riƙe ganga, amma duk abin da ya riƙe ta yana sha daga ƙarfinta. Dabara ita ce a riƙe ta da abu siriri, kuma a wurin da ba ta motsi sosai. Ta sa uban ya riƙa bugawa a hankali, ita tana bin jikin icen da ɗan yatsa, daga baki zuwa ciki, har ta sami inda karkarwar ta fi rauni. Ta ce a ba ta alli. Kafin a kawo, tsohon ya miƙa hannu ya nuna mata wasu tsofaffin ƙusoshi biyu, inda ɗamarar kafaɗa take maƙale tun shekarar aurensa. Tazararsu da yatsanta ba ta kai faɗin kwalin ashana ba.

"Wa ya nuna maka nan?" in ji ta.

"Ubana. Wa ya nuna miki?"

"Shekara uku da leza."

"An cuce ki," in ji shi. "Da kin zauna a gida."

Na kwashi mazaunina na koma shago. Na yanke zobban na jefar, robar kuma na ba mai faci. Na ƙera abu kamar ƙofa ba ƙyaure, ƙafa biyu da sanda a sama. Baba Siman ya murza igiyar fata siririya guda biyu, muka rataye Gwaggo ta ƙusoshin nan, tana lilo kaɗan kamar jariri a zane. Na haɗa masa doguwar kujera mai majingina, ya zauna ya buga. Vera ta kunna wani abu a wayarta da ke zana ƙara kamar tudu yana gangarowa, ta ce ga shi, kusan daidai da na kafaɗa. Tsohon ya ce ba ya bukatar waya ta gaya masa, shida da rabi ne, kuma rabin da ya ɓace laifin fentina ne.

Ranar Lahadi na buɗe shago ba don aiki ba. Na zauna a kan benci ina kallon masu shiga da doya da dawa da kaji a hannu. Wani mai babur ya tsaya yana so in liƙe masa salansar babur ɗinsa, na ce ya jira. Ya ce me ake jira. Kafin in amsa, Gwaggo ta amsa. Kwalbar ruwan da ke kan teburina ta yi rawa. Na duba agogo, ƙarfe tara daidai.

Kwamiti ya sake zama. Dattijo Malachi bai janye maganar gangunansa ba, kuma an ce za a sayo su saboda matasa. Amma kusurwar da ya auna aka ba su, ta wajen taga. Tsakiya ta Gwaggo ce, da kujerarta mai majingina, har ranar da mai ita ya ce ya gaji da bakinsa.

Vera ta koma wajen gangunanta da ba a gani. Ɗan guntun da ta kawo yana cikin kabad ɗin Mama Mabel tare da kwanukan baƙi, kuma duk wanda ya shiga gidan sai an nuna masa, sai kuma ya ce ya gani, in yana son a ba shi ruwa.

Shekaranjiya na leƙa ta katanga da gaisuwata ta kullum. Ban san yana tsaye a gindin katangar ba. Sai ji na yi ƙwas a tsakiyar kaina. Ya karkata kai, ya lanƙwasa yatsa ɗaya, ya jira, ya girgiza kai.

"Ɗaya," in ji shi. "Mabel, zo ki ji. Wannan ma robar ya cusa a ciki."